Tafiyar malaman Tawa daga gandun dajin W zuwa Lugu: nazarin tsari da abin da hanya ta ci

Wasu malaman kwaleji ne na garin Tawa suka shirya wa kansu tafiyar nan, a wani hutun ƙarshen Disamba kafin shekarar 2020, lokacin da mutum kan tashi daga Yamai da safe ya yi azahar a bakin gandun dajin W hankalinsa kwance. Adashi suka yi wata da watanni, suka ɗauki hayar ƙaramar bas da direbanta. Abu uku suka sa a gaba: su ga namun daji da idonsu, su taka daji da dutse da ƙafa, su kuma tsaya a wuraren da suke rubuta wa ɗalibai sunayensu a allo alhali su kansu ba su taɓa zuwa ba. Na ji labarin daga bakin wasu cikinsu, kuma har yau ba su daidaita a kan ko tafiyar ta biya kuɗinta ba. Saɓanin nan ne ya sa na ga ya dace a zauna a duba lamarin daki-daki.

Inda tsarin ya fito

Malamin tarihi da labarin ƙasa ne ya tsara komai. Ya samo takardar talla ta wani kamfanin yawon buɗe ido na Yamai, irin wadda ake yi domin anasaran da ke sauka a filin jirgin Diori Hamani su shiga kat-kat, wato motar jeji mai ja da taya huɗu, ya kwafe jerin wuraren, sannan ya ƙara Dogondutsi da Lugu tunda suna kan hanyar komawa gida. Kwana biyar ya ware. A takarda abin ya yi kyau: gidan tarihi na Yamai, kwana a Tapowa, ƙofar gandun W, raƙuman dawa a Kure, fadar Dosso, duwatsun Dogondutsi, da Lugu garin Sarauniya.

Abin da bai lissafa ba shi ne takardar kamfanin daga Yamai take farawa, tasu tafiyar kuwa daga Tawa, kilomita wajen 550. Daga Yamai zuwa Tapowa akwai wasu kilomita 150, kuma bayan Say kwalta ta ƙare, sai jar ƙasa mai gargada. Bas cike da mutane da bido-bido na ruwa da buhun shinkafa ba ta gudun kat-kat, ga tsayawar salla, ga shingayen jandarma. Ranar farko gaba ɗaya hanya ta cinye ta, ta biyu ma ta ci rabi. Tun kafin a ga ko zabon daji, kwana biyar sun koma uku da ɗan kai.

Safiyar Yamai suka ba gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, yanzu yake ɗauke da sunan Bubu Hama. Sun ga busasshen itacen Tenere da mota ta kaɗe a 1973, da ƙasusuwan dinozor da aka tono a ƙasar Agadas, da zaki da kura da dorina a cikin keji. A ganina fara tafiyar daji da gidan namun keji ba dabara ba ce. Wanda ya ga zaki taku biyar daga gabansa da hantsi, ba za ka iya gamsar da shi da sawun giwa da la'asar ba.

Tapowa

Gandun ya samu sunansa ne daga lanƙwasar da kogin Kwara ya yi a wurin, mai kama da harafin W. An mai da shi gandun ƙasa a 1954, ɓangaren Nijar kaɗai ya kai murabba'in kilomita 2,200, UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1996, a 2017 kuma aka haɗe shi da Arli na Burkina Faso da Penjari na Benin a lissafi guda. Nan ne mafaka mafi girma da ta rage wa giwa da zaki da ɓauna a Afirka ta Yamma. Malamin tarihi ya karanta musu wannan duka a cikin mota bayan sun wuce Say, garin Alfa Mahaman Jobbo, wanda ko tsayawa ba su samu yi ba. Sun ratsa gonakin Ayinoma, yankin da gwamnatin Seyni Kunce ta yanke daga gandun Tamu a 1976 ta ba manoma bayan babban fari, suka isa ƙofar gandun rana ta yi sanyi.

Dokar wurin ba ta da sassauci. Ba a shiga sai da jagora, ba a yawo da dare, ba a sauka daga mota inda aka ga dama. Wani matashin malami ya buɗe ƙofa zai ɗauki hoton gwaggon biri, ma'aikacin gandun daji ya riƙe hannunsa.

"Malam, yi haƙuri. A nan ba a sauka sai na ce a sauka. Ciyawar nan da kake gani ta fi ka tsawo, ba ka san abin da ke kwance cikinta ba."

Ciyawar ce kuwa ta hana su ganin abin da suka zo nema. A ƙarshen Disamba damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, tafkuna na ko'ina cikin daji da sauran ruwa, saboda haka dabbobi a warwatse suke, ba abin da ya tilasta musu zuwa mashaya guda. Ma'aikata kan sa wutar wuri su ƙone wasu sassa don sabon tsiro ya fito, hanya kuma ta buɗe, amma mafi yawan daji na nan a rufe. Wanda ke son ganin giwaye garke-garke, Maris da Afrilu zai zo, lokacin da ƙananan tafkuna suka ƙafe, komai ya dawo bakin gulbin Tapowa da Mekuru da Kwara. Sai dai a lokacin zafi kan haura maki 40, ba mai hawa dutse don nishaɗi. Malami kuma hutu biyu ne gare shi a rani, na Disamba da na ƙarshen Maris. Na farko ya dace da ƙafa, na biyu ya dace da ido. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma ba wanda ya faɗa musu haka kafin su biya kuɗin mota.

Fitar asuba ɗaya suka samu. Sun ga gwanki, da mariya, da mugun dawa yana gudu da wutsiya a miƙe, da birai ba adadi, da kada a bakin ruwa. Giwa kuwa sai ɗanyen kashinta a tsakiyar hanya da rassan da ta kakkarya. Malamar kimiyyar halittu ta ce wannan ma darasi ne, ta tsuguna tana nuna musu ƙwallayen aduwa a cikin kashin, tana bayanin yadda giwa ke shuka itace a inda ta bi. Wasu suka saurara, wasu suka ce ba don kashi suka yi adashi ba.

Abin da ya gyara ranar shi ne tafiyar ƙasa da ma'aikacin ya yarda ya kai su a gefen kwazazzabon Tapowa, inda gulbi ya yanka dutse ya yi zurfi. A kan hanya suka faɗa cikin wani rukunin kukoki. Dattijon tawagar, tsohon darakta mai ritaya, ya tsaya ya dubi ƙasa, ya ɗauko tsingaro ya ce nan kufai ne, kuka ba ta taruwa haka sai inda mutane suka zauna. Ma'aikacin ya ce gaskiya ne, Baba. Dajin da ake nuna wa baƙo kamar ba a taɓa taka shi ba, mutane sun rayu cikinsa tun zamanin kayan aikin dutse, masu binciken ƙasa sun tarar da wuraren narka tama a kwarin Mekuru, ƙudan tsando da makantar gulbi sun rage jama'a, sauran kuma mulkin mallaka ya tashe su da aka shata gandu. Rikicin da ake yi har gobe da makiyayan da ke ratsa gandun da shanu a kan hanyarsu ta kudu, daga nan tushensa yake. Ba a sa wannan cikin tsarin tafiya ba, amma duk wanda na tambaya cikinsu sai ya ambaci kukokin kafin ya ambaci gwanki.

Kure

An tsara a ga raƙuman dawa "a kan hanya", tunda Kure kilomita 60 ce kacal daga Yamai a kan titin Dosso. Daga Tapowa suka taso, suka sake ratsa Yamai, suka isa rumfar jagorori rana tsaka. Jagoran da aka haɗa su da shi ya dubi bas ɗin, ya dubi tayoyinta, ya ce raƙuman ba sa nan kusa, sun gangara dallol, wato kwarin tsohon gulbi da ya ƙafe.

Dalilin mai sauƙi ne ga duk wanda ya tashi a gona. Da damina raƙuman dawa kan zauna a kan tudun fako na Kure, inda geza da sauran itatuwan daji suke tsirowa layi-layi da fili a tsakaninsu. Idan rani ya shiga, tudun ya bushe, sai su sauka kwarin Dallol Boso, wajejen Harikanasu, inda gawo yake. Gawo kuwa kowa ya san halinsa, da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore ya yi ƴaƴa. Raƙumi na bin gawo, jagora na bin raƙumi, mota kuma dole ta bar kwalta ta shiga rairayi. Ba su yi nisa ba bas ta kafe. Aka tura, aka sa itace ƙarƙashin taya, ta fita ta sake kafewa. Direba ya rantse ba zai ƙara taku ɗaya ba, motar ba tasa ba ce.

Da ƙafa suka ƙarasa, cikin gonakin hatsi da aka girbe, kara na sukar ƙafa, mata na tattare zane. Suka tarar da su a tsaye cikin gawo, uwa da ɗanta da wasu manya, fatarsu fara-fara ba kamar ta waɗanda ake gani a talabijin daga Kenya ba. Irinsu ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. A da suna yawo daga Senegal har tafkin Cadi, farauta da fari da sarar daji suka ƙarar da su, har a 1996 da aka ƙidaya ba su wuce 50 ba. Zuwa 2018 sun haura 600. Ba shinge, ba gandu, ba zaki, a tsakiyar gonakin Zabarmawa da rugagen Fulani suke kiwo, sun saba da mutane har ana iya matsowa kusa da su idan ba a yi hayaniya ba.

Wani manomi da ke ɗaure kara ya tsaya kallon baƙin. Dattijo ya yi masa sallama, jagora ya shiga tsakani da Zabarmanci. Mutumin ya ce shi dai bai ga abin kallo ba. Wakensa suke ci tun yana gona, harawar da ya ɗora a kan itace don awaki kada su kai, su tsawonsu ya kai, masu lambun mangwaro kuma kukansu ya fi nasa. In ka taɓa su kuma hukuma ta taɓa ka. Anasara kan ji irin wannan magana ya girgiza kai ya wuce. Malaman nan kuwa ƴaƴan manoman Adar ne, wato ƙasar Tawa, kowannensu ya san kuɗin damin harawa a watan Mayu, sai hira ta koma ta gona. Jagoran ya bayyana musu cewa wani kaso na kuɗin shiga na zuwa ga ƙananan hukumomin yankin, ƙungiyar kare raƙuman dawa ta ASGN kuma ta gina rijiyoyi ta ba mata ƙananan basussuka don mutane su ga amfanin haƙurinsu. Manomin ya ce ya ji, amma rijiya ta gari ce, wake nasa ne.

Ni a nan nake ganin tafiyar ta fi kowane wuri amfani. Yawan raƙuman ya ƙaru ne bisa haƙurin talakan da ke ciyar da su ba da son ransa ba, kuma motocin itacen girki da malaman suka yi ta wucewa a kan titi suna shiga Yamai, daga dajin tudun nan ake sare wani ɓangare na kayansu. Duk itacen da aka sare a tudu, raƙumi zai nemi madadinsa a gonar wani.

Dosso da dare suka shige ta. Fadar Zarmakoy, sarkin Dosso, da aka gina a 1904, ƙofarta kawai suka gani a hasken fitilar mota.

Dogondutsi da Lugu

A nan ne kaɗai tsari ya yi daidai da lokaci. Sun kwana a Dogondutsi, bayan sallar asuba suka nufi dutsen Tozon Bijini cikin sanyin hunturu. Hawan ba shi da tsawo, amma marmara ce mai zamewa, masu silifas suka gane kurensu. Daga sama kwarin Dallol Mauri a shimfiɗe yake, tsohuwar hanyar ruwa da ta ƙafe tun dubban shekaru, inda ruwan ƙasa ke kusa, shi ya sa garuruwan Arewa, wato ƙasar Dogondutsi, suka jeru cikinsa. Malamin labarin ƙasa ya ce shekara da shekaru yana zana dallol a allo, yau ne ya fahimci abin da yake zanawa.

Lugu ba a kan kwalta take ba. Sai da suka sake neman kat-kat a gari, kuɗin da ba ya cikin lissafi, kuma ba su aika wa kowa cewa suna tafe ba. Wannan ne kuskuren da ya fi nauyi, don Lugu ba gidan tarihi ba ne mai ƙofa da tikiti. Ƙaramin gari ne da mutane ke zaune, sarautar Sarauniya kuma ba ta mutu da Mangu, wadda ta yaƙi Faransawa a 1899, ba, ana gadonta, kuma bisa al'adar Azna, masu addinin gargajiya, gawar wadda ta rasu ake ɗauka a kai ta nuna magajiyarta, abin da suke kira tarkama. Baƙo ba ya faɗawa irin wannan wuri da kyamara a hannu. Dattijo ne ya ceci lamarin, ya sa aka tsaya aka sayi goro, aka fara da gaisuwar manyan gari, aka zauna a tabarma har aka ba su izini.

Kafin nan ma gardama ta tashi a cikin mota. Wani malami ya ce shi ba zai shiga wurin tsafi ba, ya ji labarin dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a, ba ruwansa. Malamin tarihi ya fara ɗaga murya, dattijo ya tsayar da shi.

"Malam, ƙyale shi. Ba wanda aka ce ya durƙusa wa dutse. Gaisuwa muka zo yi da tambaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya jira mu a inuwa, ba laifi."

Haka aka yi, mutum biyu suka zauna a bakin gari.

Abin da littafin makaranta ya ƙunsa sananne ne. Rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin Kwara a farkon 1899 za ta tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa a kan hanya. Ranar 16 ga Afrilu ta afka wa Lugu, mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta da kibau, suka janye cikin kurmi, kuma wannan karo na cikin waɗanda suka fi ba rundunar wuya. A watan Mayu ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanar Klobb da aka aiko daga baya ya karɓe rundunar, a Dankori kusa da Tasawa, bayan kwana kaɗan sojojinsu suka kashe shi da Chanoine. Abin da malaman ba su zata ba shi ne a Lugu yaƙin ba shi ne kan labari ba. Dattawan garin sun fi ba da ƙarfi ga asalin zama, da jerin sarauniyoyi, da aikin sarautar na riƙon ƙasa da roƙon damina da zaman lafiya. Mangu ɗaya ce cikin jerin. Wanda ya je neman jaruma mai takobi a kan doki zai tarar da ƴan bukkoki da tsofaffi da talauci, ko da yake Nijar ta sa wurin cikin jerin wuraren gado da ta miƙa wa UNESCO tun 2006.

A hanyar gida suka tsaya cin abinci a Ƙonni, garin da kowannensu ya ratsa sau ba adadi a motar haya. Wannan karon hirar 1899 aka yi a kan teburin mai shayi.

Abin da lissafi ya nuna

Kuɗi mafi yawa mota da mai suka ci, kuma rabin wannan mai an ƙone shi ne domin W, inda suka yi dare ɗaya da safiya ɗaya a watan da bai dace ba. Abin da ya shiga hannun jagorori da ma'aikata da masu masauki kaɗan ne idan aka gwada, alhali duk abin da malaman ke tunawa daga bakin waɗannan mutane ya fito. Masu cewa an yi asara suna da hujja, sun biya kuɗin giwa ba su gan ta ba. Masu cewa an ci riba su ma suna da tasu, sai dai ribar ta zo ne ta inda ba a tsara ba, wato kukokin Tapowa da kafewar mota a dallol.

Da ni aka tambaya, raba tafiyar biyu zan ce a yi. Disamba a ba Kure da Dosso da Dogondutsi da Lugu, waɗanda duk titi guda ake bi zuwa wajensu, a kwana kusa da Kure don a fita da sassafe, a kira jagora tun daga gida a ji inda raƙuman suke, a aika Lugu kafin a je. W kuma a bar shi sai Maris, da motar da ta dace, a yi aƙalla dare biyu, a manta da hawan dutse.

Bayan 2020

Shawarar W yanzu ta zama ta takarda. Ƴan bindiga sun samu mafaka a dazuzzukan iyakar Nijar da Burkina Faso da Benin, hanyar Tamu da Tapowa ba ta masu yawon buɗe ido ba ce. A Kure ma, ranar 9 ga Agusta 2020, an kashe mutum takwas, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da shugaban ƙungiyar jagororin wurin, aka rufe yankin ga baƙi, jagororin da suka rayu da wannan sana'a suka koma gona da ci-rani. Duk mai niyyar zuwa yanzu, hukumar jiha da jami'an tsaro zai fara tambaya kafin ya tambayi kuɗin mota.

Wasu cikin malaman sun juya ido gabas da arewa, kusa da gida. A Nuwamba 2018 an kwashi raƙuman dawa takwas daga Kure a manyan motoci, tafiyar fiye da kilomita 800, aka sake su a gandun Gadabeji na ƙasar Dakoro, wanda aka shata tun 1955, inda irinsu suka ɓace wajen shekara hamsin da suka wuce. Tafkin Tabalak na kan hanyar Agadas kafin Abalak, cike da tsuntsayen ƙaura a lokacin sanyi. Duwatsun Adar na wajen Keita kuma sun ishi mai son hawa, ga ganuwoyin dutse da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya jera tun daga 1984. An sake buɗe adashi, amma sharaɗin da malamar kimiyya ta kafa shi ne ba za a karɓi kuɗin kowa ba sai an samu kat-kat da direban da ya san rairayin Dakoro, kuma sai an ji ta bakin ma'aikatan gandun Gadabeji watan da ya dace a zo.